Yadda Ake Tafiya Hutu a Jirgin Ruwa Daga Abuja, Tun Daga Neman Biza Har Sauka a Tsibiri

Abin da ya kamata mutumin Abuja ya fara sani shi ne babu jirgin ruwan shaƙatawa da ke ɗaukar fasinja a kai a kai daga Najeriya. Sai ka hau jirgin sama ka je ƙasar da jirgin yake tashi, ka shiga a can, ya zaga da kai ƙasa biyu ko uku, sannan ya dawo da kai inda ya ɗauke ka. Kowace ƙasa a cikinsu kuwa tana da nata sharaɗi a kan koren fasfo. Bature na iya ganin tallan rangwame yau ya biya gobe ya kama hanya. Mu ba haka abin yake mana ba. Namu hutun a kan takarda yake farawa, kuma wanda ya gyara takardunsa ya kiyaye lokaci, shi zai sha daɗin tafiyar.

Fara zaɓar hanya, ba jirgi ba

Hanyar da na fi ba mutanenmu shawara a karon farko ita ce ta Durban a Afirka ta Kudu. Kamfanin MSC yakan kawo jirgi can daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, lokacin zafinsu ke nan. Akwai gajeriyar tafiya ta kwana 3 ko 4 zuwa gaɓar Mozambik, wato Portuguese Island da ke kusa da Maputo ko Pomene da ke can gaba ta arewa. Akwai kuma doguwa ta kusan mako 2 zuwa tsibiran Mauritius da Réunion. Wanda bai taɓa kwana a kan teku ba ya fara da gajeriyar. In ruwa ya karɓe shi, ya koma doguwar wata shekara. Durban kanta gari ne mai Musulmi da yawa 'yan asalin Indiya, ga babban masallacin Juma'a a titin da aka fi sani da Grey Street, abincin halal kuma ba ya wuyar samu.

Hanya ta biyu ita ce Karibiyan, wadda ake yawan gani a hotuna: a tashi daga Miami ko Fort Lauderdale a Amurka, a tsaya Nassau a Bahamas, ko Cozumel a Meziko, ko Ocho Rios a Jamaika. Can ne manyan jirage suke. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Sai dai ƙofar wannan hanya bizar Amurka ce, kuma a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata 3. Dokar tana canzawa, don haka kada ka biya ko kwabo sai ka ga abin da ofishin jakadancinsu ke cewa a ranar.

Wanda kuma zuciyarsa ba za ta natsu ba a inda ake sayar da giya, akwai AROYA, kamfanin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024. Babu giya, babu gidan caca, abincin halal ne, akwai wurin salla.

Ka duba lokacin guguwa ma. A Tekun Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, shi ya sa tikitin Karibiyan ke araha a Satumba. A kudu maso yammacin Tekun Indiya daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa ƙarshen Afrilu, ta fi ƙarfi tsakanin Janairu da Maris. Jirgi ba ya kutsa kai cikin guguwa, kauce mata yake yi, amma kaucewar na nufin kyaftin zai iya soke tsayawa a tsibirin da ka fi ɗoki, kuma yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta ba shi wannan dama.

Takardu

A nan ake yin asara mafi zafi, don haka zan tsaya a kai. Ka samo jerin duk tashoshin da jirgin zai tsaya, ka rubuta sunan ƙasar kowace tasha, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: me ake buƙata daga mai fasfon Najeriya da ya zo ta jirgin ruwa? Ka tambayi kamfanin a rubuce, ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar. Yawancinsu suna nan Abuja, wannan sa'a ce da mutumin Jos ko Bauchi ba shi da ita. Kada ka ce ai ni ba zan sauka a tasha kaza ba, zan yi zamana a cikin jirgi. Wasu ƙasashe suna ɗaukar ka shigo musu da zarar jirgin ya shiga ruwansu, kuma idan takarda ɗaya ta gaza, a bakin tasha za a hana ka hawa, ba tare da an mayar maka da kuɗinka ba.

Abu biyu ne ke yawan kama mutane. Na farko, bizar ƙasar da za a tashi ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya. Ka shiga Afirka ta Kudu ta jirgin sama, shiga ɗaya ke nan. Ka fita zuwa Mozambik ka dawo Durban, shiga ta biyu ke nan. Na biyu, Réunion yankin Faransa ce amma ba ta cikin tsarin Schengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, saboda haka bizar Turai da ke fasfonka ba lalle ta shigar da kai can ba.

To ga sarƙaƙiyar: ofishin biza yakan nemi shaidar ka kama wuri a jirgin, kai kuma ba ka son biya kafin biza ta fito. Mafita ita ce ka ba da kuɗin kafin alƙalami kawai, irin wanda ake iya mayarwa, ka karɓi takardar kama wuri, ka kai ofishin biza da ita. Kamfanoni sukan buƙaci cikon kuɗi wata 2 zuwa 3 kafin tashi, don haka ka fara shirin aƙalla wata 6 kafin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, da shafuka aƙalla 2 da ba a buga komai ba. Sai katin rigakafin ciwon shawara, yalo kad, wanda ake karɓa a ofishin Port Health, wato hukumar kula da lafiyar masu shige da fice. Afirka ta Kudu ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har tsawon rai. Idan da yara, a riƙe takardun haihuwarsu, in kuma uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da su, a riƙe takardar amincewar ɗayan. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, haka jaririn da bai kai wata 6 ba. A sanar da uwargida wannan tun da wuri.

Kuɗin da ke jikin talla da wanda ba ya jiki

Farashin da ka gani na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan ninki. Abin da ke cikin kuɗin: ɗaki, abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiba da kanka, wasanni, wurin motsa jiki, wurin renon yara. Abin da ba ya ciki: lemun kwalba, ruwan gora, intanet, wanki, asibitin jirgi, yawon da ake shiryawa a tudu, da kuma ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, wanda a manyan kamfanonin Amurka ya kai dala 16 zuwa 20 a 2025. Iyali mai mutum 4 a tafiyar mako guda, ka ga kuɗi ne na gaske. Wasu mutanenmu suna zuwa su ce a cire. Ni ban goyi bayan haka ba. Mai gyara maka ɗaki, ɗan Filifin ne ko ɗan Indonesiya ko ɗan Indiya, watanni yake yi bai ga iyalinsa ba, wannan kuɗi kuma wani ɓangare ne na abin da yake aika musu.

Idan ta hannun ejan za ka biya, ka karɓi lambar rajistarka, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga sunanka kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Ejan da ya ƙi ba ka lamba, ka ja da baya.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ana haɗa katin ɗakinka da katin banki, ko ka ajiye dala a teburin karɓar baƙi ana cira. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, don haka katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. In ka je Zone 4 canji, ka nemi sababbin takardu, ka haɗa da ƙananan dala 1 da 5 da 10 don tasi da 'yan tsarabobi. Sannan inshorar tafiya, wadda ta haɗa da ɗauke mara lafiya daga teku. Likitan jirgi da dala yake caji, inshorar lafiyarka ta gida kuma ba ta aiki a can.

Ɗaki iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, sai na alfarma. Mai tsoron jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, domin goshi da bayan jirgi su ne suka fi ɗagawa da sauka. Ka duba taswirar jirgin kada a ba ka ɗaki a ƙarƙashin wurin rawa ko ɗakin girki. Na ciki ya fi araha, amma duhu ne dare da rana, sai da ƙararrawar waya za ka san asuba ta yi.

Haɗa kaya

Hajiya, a bar kasko da turaren wuta a gida. Babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara, saboda haka duk abin da ke yin wuta ko zafi an hana: dutsen guga, hita, butar lantarki, kyandir, da yawancin wayoyin ƙarin soket. Na'ura ce ke duba akwatuna, za a cire a ajiye. Humra da turaren fesawa babu laifi. Kilishi da dambun nama su ma a haƙura, ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo musu da nama, Amurka har tara take ci. Yaji busasshe a rufaffiyar roba ya fi sauƙin wucewa, zai kuma yi maka rana.

Abin da za ka gode wa kanka da ka ɗauka: ƙaramar butar roba, domin banɗakin yawancin jirage ba shi da abin tsarki, dadduma mara nauyi, adafta saboda soket ɗinsu na Amurka ne ko na Turai ba mai baki uku irin namu ba, rigar sanyi saboda na'urar sanyaya ɗaki, takalmin roba mai kama ƙafa, da magungunanka a kwalinsu na asali tare da takardar likita. Akan yi daren ado sau ɗaya ko biyu. Babbar riga da hula, ko leshi da ɗauri, sun wadatar har sun yi yawa.

Ranar shiga

Ka isa garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar, ko biyu. Daga Abuja zuwa Durban sai ka canza jirgi, ko ta Legas ko ta Addis Ababa, sannan Johannesburg, sannan wani jirgin na kusan awa ɗaya. Jinkiri ɗaya a cikin wannan sarƙa ya isa ya sa ka tarar da tasha wayam.

A bakin tasha za ka miƙa manyan akwatuna da alamar ɗakinka a jiki, ba za ka sake ganinsu ba sai yamma a ƙofar ɗaki. Don haka fasfo, yalo kad, magani, caja da kayan canji ɗaya su zauna a jakar hannu. Za a ɗauki hotonka a ba ka kati. Wannan kati shi ne makullinka, shi ne walat ɗinka, shi ne shaidar fita da shigarka. Wasu jirage suna riƙe fasfon fasinja har ƙarshen tafiya don jami'an shige da fice su duba a kowace tasha. Ba abin tashin hankali ba ne, ka karɓi rasit, ka riƙe kwafi.

Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, kuma dole ne. Za a nuna maka wurin taruwarka, harafinsa ko lambarsa na jikin katinka, da yadda ake ɗaura rigar ceto. Alamar haɗari busa ce gajeru 7 sannan doguwa 1. A da ana iya jinkirta atisayen har bayan an tashi. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu, a cikin jirgin kuma akwai ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Bayan nan aka gyara doka. Ka kama hannun yaranka ku taka daga ɗaki zuwa wurin taruwa ta matakala, ba ta lif ba, har sai sun gane hanyar.

Daga nan sai ka sa wayarka a yanayin jirgin sama. Da an yi nisa da gaɓa, waya kan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, kuɗinsa kuma ba kama hannun yaro. In kana buƙatar intanet ka sayi na jirgin, ya fi araha idan ka saya tun kana gida.

Zama a kan ruwa

Kowace yamma za a kawo maka takardar shirin gobe, ko ka gani a manhajar kamfanin. Ka karanta ta kamar yadda kake karanta takardar albashi. A ciki ake faɗin lokacin isa, lokacin komowa, canjin agogo, da lambar wakilin jirgi a tashar gobe.

Batun abinci, ka nemi na halal a rubuce tun lokacin rajista, domin jirgi ba ya tsayawa cefane a hanya, abin da aka loda shi ke nan. A daren farko ka nemi shugaban masu hidimar tebur ka gaya masa ba ka cin alade, ba ka cin abin da aka dafa da giya. Zai riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun yau ka zaɓa. A wurin ɗiba da kanka a kula: naman alade kan ɓuya a cikin wake, da miyar taliya, da ƙwai, wani lokaci cokali ɗaya ke yawo tsakanin tire biyu. Kifi, shinkafa, kayan lambu da ɓangaren abincin Indiya su ne mafaka. Ka wanke hannu da sabulu kafin kowane ci. Akwai ƙwayar cutar amai da gudawa mai suna norovirus da ke yaɗuwa da sauri a inda mutane suka cunkushe, man goge hannu kuma ba ya kashe ta sosai kamar ruwa da sabulu.

Ba zan ɓoye maka ba, a yawancin jirage akwai mashaya a kowane hawa, akwai gidan caca, bakin wurin iyo kuma shigar mutane ba irin tamu ba ce. Amma jirgin yana da girman da za ka tsara zamanka ba tare da ka bi ta nan ba. Bayan sallar asuba saman jirgi babu kowa sai masu wanke daɓe da 'yan tsofaffi masu zagaye. Ka tsaya ta baya ka ga farin layin kumfa da jirgin ke bari har iyakar gani, iska mai gishiri tana kaɗa maka riga, wani lokaci ƙananan kifaye masu fiffike suna tashi daga ruwa suna sauka. Wannan sa'ar kaɗai ta biya wahalar biza.

Salla tana buƙatar shiri. Mun saba fuskantar gabas, amma daga Durban alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan, daga Mauritius kuma arewa maso yamma. Kamfas ɗin waya yana rikicewa saboda jirgin ƙarfe ne. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, da ita za ka gane. Lokutan salla ma suna gusawa kullum, ka bi rana da wurin da kake, ba jadawalin Abuja ba. A mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru a tafiyar ruwa, amma rangwamen haɗa salloli biyu saboda tafiya malamai sun keɓe shi ga tafiyar tudu. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi. 'Yan'uwa Kirista su duba takardar shiri, wasu jirage suna ba da ɗaki don sujada ranar Lahadi.

Jiri kuwa, manyan jirage suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, amma ruwan da ke tsakanin Durban da Mozambik yakan yi fushi. Ka sha maganin jiri kafin a tashi, ba bayan amai ya fara ba, ka tambayi likita wanda ya dace da kai domin yana sa barci. Citta na taimakawa. In ka ji zuciya na tashi kada ka kwanta a rufaffen ɗaki, ka fita iska ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa.

Ranar sauka tudu

Tasha iri biyu ce. Akwai inda jirgi ke jingina da gaɓa ka taka ka sauka, kamar Port Louis a Mauritius. Akwai inda ruwan bakin gaɓa bai da zurfi, sai jirgi ya tsaya can nesa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage, kamar Portuguese Island da Pomene. A irin wannan za ka karɓi lambar layi da safe. In an kira ku za ku sauka har hawan da ke daidai da ruwa, ka tarar da ƙaramin jirgin yana hawa yana sauka da igiyar ruwa, ma'aikata biyu suna tsaye hagu da dama. Kada ka yi tsalle, kada ka yi gaggawa. Ka miƙa musu hannu biyu, in sun ce taka, ka taka. Jaka ta kasance a baya, mata su sa dogon wando a ƙarƙashin abaya ko zani, a ɗaure mayafi sosai. Tsoho mai ciwon gwiwa ya duba yanayin ruwan kafin ya yanke shawara. In iska ta yi ƙarfi ana soke saukar gaba ɗaya.

Sai babbar tambaya: ka sayi yawon da jirgi ya shirya, ko ka fita da kanka? Na jirgi ya fi tsada, amma idan motarsu ta makara jirgi zai jira ta. In kai ka ɗauki tasi da kanka ka makara, jirgi zai tafi. Ba motar tashar Jabi ba ce da za a ce direba ya dakata saura fasinja ɗaya. Jirgi yana biyan kuɗin tasha, yana da matuƙin tashar da zai fitar da shi a kan lokaci, ga dubban mutane da ke jiran tasha ta gaba. Wanda aka bari shi zai nemi hanyar cim ma jirgin da kuɗinsa, kuma ka tuna da wane fasfo yake riƙe: ƙasa ta gaba ba lalle ta bar shi ya shigo ta jirgin sama ba.

Ka'idata ita ce: wuri na kusa ka je da kanka, wuri mai nisa ka bi na jirgi. Ɗauki Mauritius misali. A cikin Port Louis da ƙafa za ka zaga babbar kasuwa, ka ci dholl puri, wata 'yar waina mai laushi da ake yi da garin wake a naɗe ta da miya, ka yi azahar a masallacin Jummah da aka gina a shekarun 1850, ka leƙa Aapravasi Ghat, inda aka riƙa sauke leburorin ƙwadago daga Indiya bayan an hana bauta, wurin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2006. Lambun Pamplemousses mai manya-manyan ganyen bado yana nan kusa ta arewa, tasi ya isa. Amma Chamarel, inda ƙasa take launi bakwai, tana can kudu maso yamma, tafiyar sama da awa ɗaya a hanya mai lanƙwasa, ga cunkoson yamma a bakin birni. Wannan na motar jirgi ne.

In za ka fita da kanka, ka yi abu huɗu. Ka ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofar fita, wanda aka rubuta lokacin komowa, yawanci rabin awa kafin tashi. Ka saita agogon hannu da lokacin jirgi, domin waya tana iya canza kanta zuwa lokacin garin, su biyun kuma ba kullum suke daidai ba. Durban tana gaban Abuja da awa 1, Mauritius da awa 3, jirgi kuma a hankali yake gusa agogonsa a tsakani. Ka riƙe lambar wakilin jirgi. Sannan ka yi ciniki da mai tasi kafin ka shiga: kuɗin zuwa da dawowa ne, na mota ne ko na kowane mutum, da wane irin kuɗi, kuma sai an dawo za ka cika. Ka sa a ranka za ka dawo awa 2 kafin lokaci.

A bakin teku ina roƙon mutanenmu su ji tsoron ruwa yadda ya kamata. Da yawanmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kogi ko dam ya koya. Teku yana da wata igiya da ke ja daga gaɓa zuwa ciki, sau da yawa a daidai inda ruwan ya fi kama da kwantacce. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta, ya ɗaga hannu. Wanda bai iya ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa sai da rigar ceto, ko da za a je kallon kifi da murjani ne da gilashin ido. Kada a taka murjani: yana yanka, yankan yana saurin ruruwa, shi ma kuma rai gare shi, takawa kashe shi take yi. Yara kuwa ido a kansu kowane lokaci.

Rana a can tana dukan mutum ta sama, tana dawowa daga farin yashi da ruwa ta ƙasa. Baƙar fata ma tana ƙonewa, sai dare za ka ji kafaɗa na raɗaɗi. A shafa man kariya, a sa malafa, a sha ruwa da yawa, musamman mai sikila ko hawan jini. Portuguese Island ba kowa ke zaune a cikinsa, yashi ne da 'yan bishiyoyi, inuwa kaɗan ce, saboda haka wanda ya sauka da wuri shi ke samun rumfa. Mozambik ƙasar zazzaɓin cizon sauro ce, Karibiyan kuma akwai zazzaɓin dengue wanda sauronsa da rana yake cizo, a riƙe man sauro. Wanda ya je Jamaika aka ce a hau duwatsun ruwan Dunn's River, inda ake kama hannun juna a jere ana hawa cikin ruwa, ya sa takalmin roba, mai ciwon baya kuma ya bi matakalar gefe.

Kada ka sauka da 'ya'yan itace ko nama daga jirgi, kada kuma ka kwaso murjani ko ƙoƙon kunkuru a matsayin tsaraba. Kafin ka ɗauki hoton mai talla ko masunci, ka nemi izini.

Daren ƙarshe

Za a kawo maka alamu masu launi ka ɗaura a akwatuna, ka fitar da su ƙofar ɗaki kafin ka kwanta. In ka leƙa da tsakar dare za ka ga dogon lungun ya cika da akwatuna, ma'aikata suna turawa a kura. Ka ware kayan da za ka sa da safe, da fasfo da magani, kafin ka rufe akwati. A daren ne kuma za ka duba lissafin abin da ka kashe, layi-layi. In ka ga abin da ba ka saya ba, ka je teburin baƙi a gyara tun kana ciki, domin bayan ka sauka sai dai wasiƙa. Ka buɗe akwatin ajiyar ɗaki ka shafa hannu har ƙurya.

Jirgi yakan iso da sassafe, amma sai jami'ai sun gama bincike ake fara sakin mutane rukuni-rukuni bisa launin alama, ga layin shige da fice, ga hanyar filin jirgi, wanda a Durban yana da nisan kilomita 35 daga gari. Kada ka yanki tikitin jirgin sama na kafin azahar. In bizarka da aljihunka sun ba da dama, ka ƙara kwana ɗaya a garin. Kuɗin da aka riƙe a katinka a matsayin jingina yakan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi, don haka ka ware na otal da na tasi daban, a hannu.